Turmi da Takarda: Tarken Jinyar Iyali da Zane a Ma'aunin Bagega

Shimfiɗa

Agwagi ne suka fara ƙarewa. A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara, sun ga agwaginsu na mutuwa a tsakar gida da bakin kududdufi, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Ba a jima ba abin ya koma kan yara ƙanana: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, daga nan sai maƙabarta. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, waɗanda ke sa ido a kan sanƙarau a yankin, suka ci karo da labarin. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba. Da aka gwada jinin yaran sai aka tarar gubar dalma ce, wadda ke cikin dutsen zinaren da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta yara kusan 400 ne suka rasu.

Wannan maƙala tarke ce ta wani littafi da aka rubuta nesa da Zamfara, shekaru 32 kafin wannan annoba: Family Therapy and Evaluation Through Art, na Hanna Yaxa Kwiatkowska, wanda ya fito a Amurka a 1978. Shi ne ginshiƙin fannin da ke amfani da zane wajen jinyar zuciyar iyali gaba ɗaya. Abin da ake son a auna shi ne ko hanyar da littafin ya shimfiɗa za ta iya shiga soron wani gida a Bagega ta wuce har tsakar gida. Ra'ayin maƙalar shi ne, marubuciyar ta gano gaskiya babba game da iyali da azabar da baki ya kasa faɗa, sai dai ta ɗinke wannan gaskiya a cikin rigar da aka yanka daidai jikin wasu mutane. Wanda zai kawo ta ƙasar Hausa dole ya farke ɗinkin.

Ƙasa, jini, da abin da ya rage

Kafin a buɗe littafin, ya kamata a san girman raunin. A tsakiyar 2010 masu bincike daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, sun bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, sun tarar 118 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin yara 204 da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai matakin da likita ke fara ba da maganin fitar da dalma. Kashi biyu cikin uku na gidajen kuwa a cikin gida suke sarrafa dutsen.

An yi wa ƙauyuka bakwai aikin tsaftacewa tsakanin 2010 da 2011: a kankare ƙasar sama, a binne ta nesa, a zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma kuma ita ce cibiyar niƙan dutse, aka bar ta tana jira. Likitoci ba su iya fara magani a can ba, domin wanke jinin yaron da zai koma wasa a kan ƙasa mai guba tamkar ɗiban ruwa ne da rariya. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, amma kuɗin ba su fito ba sai a Janairun 2013, bayan matsin lambar Human Rights Watch da gangamin matasan Follow The Money a ƙarƙashin Hamzat Lawal. A shekarar aka tsaftace Bagega, aka fara ba yara magani. A Fabrairun 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha, bayan ta gwada yara sama da 8,000.

Wannan aiki ne da ya ceci rayuka, ba mai musun haka. Amma ƙasa da jini duka abubuwa ne masu aunuwa. Akwai abin da na'ura ba ta nunawa. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓarnar da ta riga ta yi magani ba ya mayar da ita. Jariran da suka tsira a 2010 yau samari ne da 'yan mata, wasunsu da nauyin fahimta, wasu da lalurar da ba za ta rabu da su ba. Sannan ga tambayar da ke kwance a tsakanin miji da mata: maigida ne ya ɗauko dutsen ya kawo gida, don zinare ya fi gero kawo kuɗi, uwargida ce ta daka shi, goyo a bayanta. Ba wanda ya san akwai guba a ciki, amma zuciya ba ta cika karɓar wannan uzuri ba. A irin wannan gida ciwon bai tsaya kan mutum ɗaya ba, ya zauna ne a tsakanin mutane. A nan littafin Kwiatkowska ya sami ƙofar shiga.

Abin da littafin ya zo da shi

Jinya da zane ta girmi littafin. Adrian Hill, wani mai zane ɗan Ingila da ya yi jinyar tarin fuka, shi ya raɗa wa fannin suna a 1942, sannan Margaret Naumburg ta kafa shi a Amurka. Amma su mutum ɗaya suke zaunarwa da takarda. Kwiatkowska, 'yar asalin ƙasar Folan wadda sassaƙa ce sana'arta ta farko, ta yi aiki a Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa a Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1950. A can ta lura cewa idan dangi suka zo dubiya suka tarar da majinyaci yana zane, abin da ke gudana a tsakaninsu a gaban takardar yakan bayyana fiye da abin da suke faɗa wa likita. Daga nan ta tsara zaman da za a tara iyali duka, kowa da allon zanensa da allin launi, a nemi su yi zane shida a jere: zanen ganin dama, hoton iyali, hoton iyali ba tare da surar mutum ba, sai launi da siffa, zanen da za a ciro daga kwarkwatsin layi da hannu ya yi ba tunani, irin wannan zane amma na haɗin guiwar iyali duka, sai zanen ganin dama na ƙarshe. Kowa ya sa wa zanensa suna, ya sa hannu.

A matsayin tsari, wannan jeri yana da kyawun gini irin na labari. Yana farawa da sauƙi, ya hau zuwa inda dole iyali su yi aiki tare a kan takarda ɗaya, sannan ya sauko. Zane na farko da na shida su ne bakin zaren biyu: bambancin da ke tsakaninsu shi ke nuna abin da zaman ya yi wa mutum.

Gaskiya biyu ke riƙe da littafin, kuma duka biyun Bahaushe ba baƙonsu ba ne. Ta farko, maras lafiya ba shi kaɗai ba ne. Gidan da ya fito yana cikin ciwon kuma yana cikin maganin. Nijeriya ma ta riga littafin sanin haka. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda mai taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauye kusa da asibiti tare da wani ɗan uwansa, maimakon a kulle shi a ɗaki. Ta biyu, akwai maganar da ba ta fitowa kai tsaye, sai an ba ta wani abin hawa. Yaro ɗan shekara shida ba zai iya jayayya da mahaifinsa da baki ba, amma a kan takarda hannunsa daidai yake da na kowa. Al'ummar da ta ƙirƙiri habaici da zaurance da karin magana ba ta bukatar a koya mata cewa hanyar kewaye takan riga miƙaƙƙiya isa.

Inda rigar ta matse

Matsala ta farko ita ce kalmar iyali kanta. Ɗakin Kwiatkowska an gina shi ne don uba ɗaya, uwa ɗaya da 'ya'yansu. A ƙauyen Zamfara gida yakan ƙunshi maigida da ƙannensa da matansu, da kishiyoyi, da kaka, da ɗan riƙo. Wa za a kira, wa za a bari? A ɗauka an tara su. Suruka ba ta sakin jiki a gaban surukinta, amarya ba za ta zana abin da ke ranta uwargida na kallo ba, matar da ke cikin kulle kuwa ba za ta zauna gaban baƙon namiji yana lura da motsin hannunta ba. Littafin ya ɗauka cewa tara kowa a ɗaki ɗaya yana fito da gaskiya. A gidan Hausa sau da yawa taron ne ke rufe baki, magana ta ainihi sai an ware: mata a tsakar gida, maza a zaure, yara a ɗakin kaka.

Ta biyu ta fi haɗari, domin ta shafi fassara. Al'adar karanta zanen iyali, wadda wasu marubuta irin su Burns da Kaufman suka faɗaɗa a 1970, tana ɗaukar wanda aka bari ba a zana ba, ko aka ajiye shi nesa a gefen takarda, a matsayin alamar ɓaraka. Amma uwa Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna masa so a bainar jama'a. Alkunya ce, kuma ita ce shaidar matsayinsa a wurinta. Matar da ta ajiye mijinta can nesa a takarda wataƙila ladabi ta zana. Ma'aikacin da ya haddace littafi bai san gida ba zai rubuta ƙiyayya a inda kara take. Kuskuren likita a kan jini gwaji na biyu yakan gyara shi, amma wa zai gyara kuskuren da aka yi a kan shirun uwa?

Ta uku ita ce surar mai rai. Zane na biyu yana neman a zana mutane. A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, kuma a al'ummar da malamanta suka daɗe suna gargaɗi a kan suranta abu mai rai, ba ƙaramin abu ba ne a miƙa wa dattijo takarda a ce ya zana matansa. Ko da bai ƙi don addini ba, zai ga an mayar da shi yaro. Balle a ce wa uwa ta zana iyalinta, alhali uku daga cikinsu suna maƙabarta. Shin ta sa su ko ta bar su? Ranar da suka rasu an ce mata ta yi haƙuri, an yi mata addu'ar Allah Ya sa masu ceto ne, ta karɓa. Wannan addu'a ita ce igiyar da take riƙe da ita. Jinyar da za ta ɗauki haƙuri a matsayin danne ciwo kawai, ta nemi ta fasa shi da ƙarfi, za ta raba mace da abin da ya tsayar da ita ba tare da ta ba ta madadinsa ba. Abin da ya dace shi ne a nema wa hawaye wuri a cikin haƙurin, kuma addinin bai hana ba: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim.

Sai dai adalcin tarke ya sa a faɗi wani abu. A cikin zane shidan nan akwai wanda ya fi kusa da idon Bahaushe, kuma shi ne wanda mai karatu zai zaci ya fi wuya: na uku, hoton iyali ba sura. Zanen ƙwarya, saƙar faifai, ƙunshin lalle, aikin hula, adon bango, da zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, duka fasaha ce ta layi da launi da maimaici. Matar da ba ta taɓa riƙe fensir ba ta san yadda ake sa ja kusa da baƙi a faifai har ya yi magana. Da za a ce mata ta saƙa zobe ɗaya don kowane ɗa da ta haifa, ta zaɓi launinsa da kanta, to ta zana iyalinta ke nan, rayayyu da matattu, ba ta kira sunan kowa ba, ba ta saɓa wa malaminta ba, kuma ba ta karya alkunya ba. Littafin ya ajiye mabuɗin a mataki na uku. A Bagega nan ya kamata a fara.

Turmi

A nan tarken zai juya daga abin da littafin ya faɗa zuwa abin da bai sani ba. Kwiatkowska ta ƙirƙiro wa iyalan Amurka wurin da za su yi maganar kewaye domin ba su da shi. Gidan Hausa yana da nasa tun kaka da kakanni, kuma a bakin turmi yake. A waƙar daka da ta niƙa mace ke sauke abin da ke cinta: zafin kishiya, halin miji, kewar gida. Kowa na ji, kowa ya gane, amma ba mai kama ta da laifi, don waƙa ce. Luguden taɓarya kuwa aikin haɗin guiwa ne da sai hannuwa sun saurari juna, daidai abin da zane na biyar ke nema.

Abin da ya sa labarin Bagega ya wuce labarin guba kawai shi ne, wannan wuri ne dalma ta shiga. Turmin da ke ciyar da gida, wanda kuma shi ne dandalin fasahar mata, shi aka zuba wa dutse. Daga baya, don ceton rai, aka fitar da sarrafa dutse daga cikin gidaje, kuma daidai ne. Amma mai son jinyar wannan gida ya sani cewa kayan aikin da zai so ya ara shi ne kuma abin da ke tuna wa uwa ranar da goyonta ya fara jijjiga. Ba a shiga irin wannan wuri da gaggawa.

Ga yara kuma akwai tatsuniya da 'yar tsana. Tatsuniya tana da kariyar da takarda ba ta da ita: mai ba da ita takan rufe da ɗora ƙaryar a kan Gizo, don haka duk abin da aka faɗa a ciki ba a bin kowa bashinsa. Yaron da ba zai ce yana tsoron mutuwa ba zai iya ba da labarin agwagwar da ta sha ruwan kududdufi. Saurayin da dalma ta rage masa kaifin magana, wanda tsaransa suka wuce shi a makarantar allo, zai iya samun abin da hannunsa ya iya, iyayensa su gan shi yana gwaninta karo na farko. Wannan kaɗai jinya ce ga gida duka.

Amma kada son gargajiya ya rufe mana ido. Mai cewa a koma ga kayan gida zai fara tunanin laka, tunda yaran karkara da ita suke gina shanu da motoci. A Bagega ƙasa ce ta yi kisa. Yumɓun da ba a gwada ba ba ya shiga hannun yaro, ko da sunan magani. Kwalli ma, wanda ake yi wa jarirai ado da shi, sau da yawa daga dutsen dalma ake samunsa. A wannan gari allin launi na kanti da aka tabbatar ba shi da guba ya fi ƙasar gado aminci. Haka nan zane ba ya maye gurbin likita: uwar da baƙin ciki ya hana ta ci da barci tana bukatar asibiti, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato tafiya ce mai nisa a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta yi ma'ana a Anka ba sai ranar da ma'aikacin lafiya na ƙauye ya sami horon sauraron irin wannan gida.

Hoton na wa ne?

Saura tambaya ɗaya da littafin bai tsaya a kanta sosai ba. Shafukansa cike suke da zanen iyalai, an buga su don masana su yi nazari. A Nijeriya ma an taɓa yin haka: a shekarun 1950 Ulli Beier ya kai wa majinyatan gidan masu taɓin hankali na Lantoro a Abeokuta fenti da takarda, kuma ayyukansu suka fito a littafi a Jamus a 1982. Bagega kanta hoto ne ya fitar da ita duniya. Hotunan da Marcus Bleasdale ya ɗauka wa Human Rights Watch, waɗanda aka yaɗa a 2012, sun taimaka wajen kunyata masu riƙe da kuɗin. Sun yi aikinsu, kuma sun cancanci yabo. Amma fasaha ce da aka yi a kan mutanen Bagega don idon wasu. Fasahar jinya dole ta bi akasin wannan hanya. Faifan da uwa ta saƙa don 'ya'yanta ba na rahoto ba ne, ba na bangon ofishin masu ba da tallafi ba ne. Nata ne, ta rufe ƙwaryar fura da shi in ta so, ta ɓoye a ƙarƙashin gado in ta so. Fassararsa ma tata ce. Kwiatkowska ta kusa kaiwa nan da ta ce kowa ya raɗa wa zanensa suna, sai dai a ƙarshe alƙalamin hukunci a hannun masani ta bar shi.

Kammalawa

Littafin Kwiatkowska ya ci jarrabawar Bagega a ruhinsa, ya faɗi a surarsa. Ya yi daidai da ya ce ciwon gida a gida ake jinyarsa, kuma hannu yakan faɗi abin da ya fi ƙarfin harshe. Ya yi kuskure da ya ɗauka iyali iri ɗaya ne, takarda kowa nasa ce, kuma shiru ma'anarsa ɗaya a ko'ina. Wanda zai yi wannan aiki a Anka ko Gummi ko Bukkuyum zai fi dacewa ya kasance mace ga mata, namiji ga maza, ya nemi izinin maigida da albarkar liman, ya fara da launi kafin sura, ya gwada kayan aikinsa kamar yadda ake gwada ƙasa, sannan ya riƙe bakinsa har mai zanen ta yi magana. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, sun kuma ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An kankare ƙasar Bagega da shebur a cikin 'yan watanni. Abin da ya rage a tsakanin miji da mata, da tsakanin uwa da ɗan da ya tsira, ba shebur da zai kai gare shi. Sai zama, da sauraro, da wani abu a hannu da za a riƙa saƙawa har maganar ta zo da kanta.